Yarona ya bugi motar wani, in ce ni nake tuƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarona ɗan shekara 17 ya faki idona ya ɗau motata, a shataletale ya bugi bayan wata Corolla, fitila ta fashe bamba ta lotsa, ba wanda ya ji ciwo. Ina da inshorar nan ta dole, abokina ya ce in faɗa wa kamfani ni nake tuƙi don su biya. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kiyaye gaba, alhamdu lillahi da abin ya tsaya kan ƙarfe.

Don Allah kar ka bi shawarar abokin nan. A Najeriya sai mutum ya kai shekara 18 ake ba shi lasin tuƙi, kuma takardar inshora tana ɗauke da sharaɗin cewa mai lasin ne zai riƙe sitiyari, to yaronka bai shiga ciki ba. Idan ka ce kai ne, ga mai Corolla ya ga wanda ya fito daga motar, ga 'yan adaidaita da suka taru wataƙila har da bidiyo a waya, ranar da maganar ta fito an tashi daga fitila an koma zamba, ga yaro yana kallon mahaifinsa yana ƙarya a kansa, ni wannan ɗin ya fi damuna wallahi.

Ita inshorar dama, tun Janairun 2023 da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000, tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3, amma taka motar ko sisi ba ta gyarawa.

Ka je da kanka ka ba mutumin haƙuri, ku tafi wajen fanel bita da kuka yarda da shi ku biyun, a ɗau hoton ɓarnar, a yanke kuɗi, ka biya ta banki don shaida ta zauna. Ku rubuta a takarda cewa magana ta ƙare, shaidu biyu su sa hannu, saboda na sha ganin wanda bayan sati uku zai dawo wai giya ma ta samu matsala.

Yaron kuma ka tafi da shi wajen ba da haƙurin, ya ga nawa aka kashe. In ya cika 18 ka kai shi makarantar tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita, kafin nan makulli ya kwana a aljihunka.