Ƙanena, Ƙwallon Ohio State Ba Irin Taka Ba Ce

Saƙonka ya iso. Ka kusa gama digiri a KASU, Jami'ar Jihar Kaduna, kana taka leda a Murtala Square, ka ga bidiyon filin wasan Jami'ar Ohio State ta Amurka maƙil da jama'a, shi ne kake so in samo maka karatu kyauta ta hanyar ƙwallo. Na gaji da wannan tambayar, amma tunda kai ne, saurara.

Wancan filin an buɗe shi a 1922, yana cin mutum sama da dubu 100, kuma ba ƙwallon ƙafa ake yi a cikinsa ba. Ta Amurkawa ce, wadda ƙarti ke sa kwalkwali su rungumi ƙwallo su yi ta ture juna. A birnin Kolumbus, inda jami'ar take, abin ya wuce wasa. Makon da za su kara da Jami'ar Mishigan a ƙarshen Nuwamba, ɗalibai bi suke yi da jan salatif suna liƙe duk harafin M da ke allunan makarantar, don kawai da shi sunan abokan gaba ya fara. Suna kuma tinƙaho da Jesse Owens, ɗalibinsu ɗan tsere da ya ci zinare huɗu a gasar Olamfik ta Balin a 1936.

Suna da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, amma ga inda gizo ke saƙar. A dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, shekara biyar kake da ita ka buga kaka huɗu, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da ka zama cikakken ɗalibi a kowace jami'a, har da ta Kaduna. Lokacinka ya kusa ƙarewa. Duk dillalin da ya ce ka turo kuɗi zai haɗa ka da koci, damfararka zai yi.

Ƙofar da ta rage ita ce boko. An kafa Ohio State a 1870 a matsayin kwalejin noma da kanikanci, har yau kuma tana da ƙarfi a noma, injiniyanci da likitanci. Jami'ar jiha ce, saboda haka rangwamen kuɗin makaranta na 'yan Ohio ne. Kai baƙo ninki za ka biya. Ka nemi digiri na biyu ko na uku tare da aikin taimaka wa malami a aji ko a bincike: awa 20 a mako, a yafe maka kuɗin karatu, a riƙa ba ka alawus. Sassa da yawa suna rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, karatu ya fara ƙarshen Agusta. Tun yanzu ka bi transkirif ɗinka da wasiƙun malamai uku, don nan aka fi makara.

In an ɗauke ka, sai takardar I-20 da makaranta ke bayarwa don neman biza, kuɗin SEVIS (rajistar ɗalibai baƙi) dala 350, na biza dala 185, sannan intabiyu a Abuja ko Legas. Ka'idojin biza ga 'yan Najeriya sun tsananta tun 2025, ka tabbatar ana bayarwa kafin ka biya sisi. Kada ka saki rai da aikin gefe. Bizar ɗalibi ba ta yarda ka yi aiki a wajen makaranta ba sai da izini, in aka kama ka kuwa gida za ka dawo.

Nama halal da masallaci ba matsala, Somaliyawa sun cika garin. Sanyin Janairu ne dai, hunturun Kaduna wasan yara ne a kansa. Ka turo min makin digirinka da fannin da kake so kafin Satumba, ka gaida su Hajiya.