Tsakuwar matsarmama: ba haɗiye ta kika yi ba, 'yar uwa

'Yar uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce sikanin ya nuna tsakuwa a matsarmamarki, wata 7 da haihuwarki, kina tambaya ko tsakuwar da ake taunawa cikin abinci ce ta taru, ko ke kika jawo wa kanki. Abin da na tambayi likita ke nan shekara 4 da suka wuce, ina kuka.

Ba haɗiye ta kika yi ba, abinci ba ya ma bi ta can. Hanta ce ke yin ruwan nan mai ɗaci, ita matsarmama 'yar jaka ce da ke ajiye shi yana ƙara kauri, sai kin ci abu mai maiƙo ta matse ta tura shi hanji. A cikin ruwan akwai kolastirol, wani nau'in kitse, akwai kuma wani irin gishiri da ke riƙe shi a narke. In kolastirol ya fi ƙarfin gishirin sai ya fara kwanciya, kamar sukarin da ya yi yawa a ƙasan kofi. Ya zama laka, lakar ta dunƙule, a hankali cikin watanni ko shekaru. Ɗaukar ciki kuwa shi ne babban mai laifi a wajenmu mata, don wasu sinadaran jiki biyu suna ƙaruwa a lokacin: sinadarin istirojin yana ƙara kolastirol a ruwan, furojestiron kuma yana sa jakar kasala ta ƙi juyewa gaba ɗaya. Shi ya sa muka fi maza kamuwa, kuma ƙwayoyin tazarar haihuwa masu istirojin ma suna iya ƙarawa.

Nawa kuskuren, bayan haihuwa ta uku na tsani jikina. Na daina karyawa, wani lokaci sai dare nake sa abu a baki, na zubar da kilo 11 cikin wata 2 ina ta murna. Ashe in jiki yana ƙona kitse da sauri hanta zubo kolastirol take yi, ga jaka a zaune ba abincin da zai sa ta matse. Don Allah in za ki rage ƙiba kada ki wuce kilo 1 a mako, kuma kada ki yanke maiƙo kwata-kwata.

Amma abin da har gobe ke ci mini rai shi ne mutumin da na fara gani. Ko taɓa cikina bai yi ba. Na nuna masa ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, na ce ciwon yana harbawa har allon kafaɗa, yana zuwa bayan na ci mai maiƙo, ya yi awa biyu uku ya lafa. Kansa na kan takarda ya ce olsa ce. Na koma sau uku. A na ukun cewa ya yi mata akwai raki. Wata 14 ina shan farin maganin nan har kwalabe suka cika taga.

Daren da ta kai maƙura, misalin ƙarfe 2, ina durƙushe a banɗaki na manna goshina da tayil saboda sanyinsa, ina amai har ba abin da ke fitowa sai ɗaci. Yarona yana tsala ihu a ɗaki na kasa miƙewa in ɗauke shi. Na yi naƙuda sau uku, amma naƙuda tana ba ki hutu tsakani, wannan babu. Da gari ya waye maigidana ya kalle ni ya ce idona ya yi ruwan ɗorawa, fitsari kamar baƙin shayi, ga zazzaɓi. Tsakuwa ce ta fita daga jakar ta toshe bututun. In kin ga ko ɗaya cikin waɗannan, ko ciwon ya wuce awa 5 bai sake ki ba, asibiti kawai, ko da tsakar dare ne.

Ki kuma tambayi mama ko akwai mai ita a dangi, yana bin jini. Ni sai bayan an yi mini aiki na ji cewa yayar mahaifiyata ma an cire mata matsarmama. Masu ciwon suga da waɗanda suka haura 40 su ma suna ciki. Masu sikila tasu daban ce, baƙa, daga fashewar jajayen ƙwayoyin jini take, har yara tana kamawa.

Za su cika miki akwatin saƙo da maganar man zaitun da lemon tsami. Na sha. Koren dunƙulen da ke fita a bayan gida man ne ya haɗu ya daskare a hanji, da aka sake sikanin tsakuwata tana nan daram.

In taki ba ta taɓa ciwo ba, yawanci ba a taɓa ta, mutane da yawa suna rayuwa da ita ba su sani ba. Ni da 'yan ƙananan huji huɗu aka cire jakar, hanta ta ci gaba da aikinta, sai dai na yi 'yan makonni ina fama da gudawa. Ba ki faɗa ba, kina jin ciwon ne, ko don wani dalili aka yi sikanin aka gan ta? Allah ya ba ki lafiya, ya raya jariri.