Zango a bakinku, Zango a bakinmu

Malam, na ga tambayarka, kuma na san ba da mugun nufi ka yi ta ba. Ka ce mutanen Ghana irinmu da ba su san hawan sallah ba, ba su rarrabe sirdi da likkafa, har sunan unguwarsu ma "Zongo" suke cewa, da me za a gane Hausawa ne? A Kumasi aka haife ni, a nan aka binne mahaifina da kakana, don haka bari in ba ka amsa daga kalmar da ka kama.

A wurinku zango wurin kwana ne. Ayari ya ya da zango, gari ya waye a ɗaura kaya. Ɗalibi ya gama zangon karatu, gwamna ya nemi zango na biyu. Duk abu ne mai wucewa, ko da yake ku ma kuna da Zangon Daura da Zangon Kataf da suka zama garuruwa. Mu ma haka namu ya fara. Fataken goro suna tasowa daga Kano da Katsina su nufi Gwanja, su sauka a Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, wasu suka yi Kete Krachi, wasu Kintampo, wasu daga baya suka gangaro Kumasi. Wurin da aka sauka don a kwana, a nan aka gina masallaci, aka naɗa Sarkin Zango, aka yi maƙabarta. Yau in ka ce "ɗan Zango" a Ghana, yana iya zama Bahaushe, ko Mosi, ko Zabarma, ko Bayarabe, ko Dagomba, kuma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da wajen jana'iza. Wasu 'yan ƙasa in sun furta kalmar, talauci da cunkoso suke nufi. Wannan yana mana ciwo, amma ba mu taɓa jin kunyar sunan ba. "Zongo" kuwa harshen masu masaukinmu ne ya lanƙwasa shi, Turawa suka rubuta haka.

Batun doki ne ya fi taɓa ni. Kumasi kurmi ne, ƙudan tsando ba ya barin doki ya daɗe. Wanda yake son ganin dawaki da kwalliya sai ya hau arewa, Yendi ko Tamale, lokacin bikin Damba. Amma dokin da ya mutu bai tafi da kalmominsa ba. Kakana yana da wata adaka da ba ya bari a taɓa. A ciki akwai likkafa guda ɗaya ta ƙarfe da tsohon linzami, na mahaifinsa ne, wanda ya yi uban dawaki a wani ayari, ƙarƙashin madugu da jagaba. Bayan sallar isha yakan fito da su ya zaunar da mu, ya ce wannan ita ce likkafa, nan ake zura ƙafa. Wannan linzami, shi ke shiga baki, ragama kuwa igiya ce ta kai, kada ku haɗa su. Ya gaya mana lifidi auduga ce da aka cusa aka ɗinke, a lulluɓe doki da mahayinsa don kibiya, sulke kuma zobban ƙarfe ne da aka sarƙa, kwalkwali na kai. Ya ce 'yan lifida su ke gaba, barde shi ne wanda ba ya juya baya. Bai taɓa hawa doki ba a rayuwarsa, amma da ya zo kan ƙaimi sai ka ga dunduniyarsa tana motsi. Sai da na shiga makarantar ilimi na gane sirdi da linzami da likkafa da lifidi duk daga Larabci suka shigo, wato su ma baƙi ne da suka ya da zango a Hausa har suka zama 'yan gida.

Ka kuma duba bakinku. Kuna cewa likkafar wane ta ci gaba, wane ya karɓi ragamar mulki, a ƙara ƙaimi a aiki. A rediyo muna jin "makami mai linzami mai cin dogon zango", kalmomin nan biyu a jimla ɗaya, babu doki babu ayari. Yaran birni nawa ne a Kano za su nuna maka majayi a jikin sirdi? Ba gori nake yi ba. Kalma takan bar inda aka haife ta ta je ta yi wani aiki, a can da nan.

Na san abin da ke bayan tambayar, auratayyarmu da wasu ƙabilu ce. Kakata ta wajen uwa 'yar Asante ce, wato ƙabilar mutanen Kumasi, ta musulunta, ta yi shekara arba'in tana dama koko a ƙofar gida. Asante ta wajen uwa suke bin dangi, mu ta wajen uba, sai 'ya'yanta suka tashi da gida biyu, babu wanda ya ce ba nasa ba ne. A 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, danginta ne suka ɓoye wasu daga cikin namu a ƙauye. Waɗanda suka tafi Najeriya kuwa, da yawa sun tarar ana ce musu 'yan Gana. Nan baƙi, can baƙi. Mahaifiyata har ta rasu ba ta iya ba da labarin nan ba tare da ta share hawaye ba.

Gaskiya ne yaranmu suna ce wa mace "ya zo", suna sassauta ƙ da ɗ, suna cusa Twi, yaren Asante. Ina gyara musu kullum, kuma zan so malamanku su riƙa turo mana littattafai maimakon dariya. Adakar tana ɗakina yanzu. Makon jiya jikata ta ɗaga likkafar ta tambaye ni ina 'yar'uwarta, na ce mahaifin kakan kakanta ya bar ta a Salaga.