Ina Sauran Ruwan Ya Tafi?

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce ka auna ruwa lita 25, ka jiƙa tsiron sha'ir kilo 5, kana sa ran samun giya lita 20, amma da ka juye a bokitin tsimi, inda ruwan ke zama har ya koma giya, sai ka ga lita 12 da 'yan kai. Shi ne kake tambaya ko tukunya ce ke yoyo, ko kuwa akwai wani adadin ruwa da mu muke bi ba mu gaya maka ba.

Tukunyarka lafiya lau take. Daga gaba ka fara lissafi, alhali wannan aikin daga baya ake lissafa shi. Ka fara da abin da kake so ya shiga bokitin tsimi, sai ka riƙa komowa da baya kana ƙara duk abin da za a ci maka a hanya, har ka iso ruwan da za ka ɗiba tun farko. Ɗauko takarda mu bi shi tare.

Rubuta 20. Idan ka gama dafawa, ba duk abin da ke tukunya za ka juye ba. A gindinta akwai laka, wato hops (furen wata shuka da ake jefawa a tukunya don ɗaci da ƙamshi) da ya sha ya ƙoshi da wani kumfa-kumfa mai ruwan toka da ya daskare ya kwanta. Wannan yakan tafi da lita 1 zuwa 2, in hops ya yi yawa ma ya fi haka. Sa 2, ya zama 22. Sannan ruwa in yana tafasa kumbura yake yi, in ya huce ya koma da kamar kashi 4 cikin 100. Saboda haka lokacin da ka kashe wuta, lita 23 ya kamata ka gani, ba 22 ba.

Yanzu sai tururi, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau, don nan ne almajirai suka fi faɗuwa. Za ka ji wani yana cewa kashi kaza cikin ɗari ke ƙonewa a awa. Kada ka bi wannan. Ruwan da ke tashi bai san yawan abin da ke ƙarƙashinsa ba, faɗin bakin tukunya da ƙarfin wuta kaɗai ya sani. Tukunya mai faɗin baki ta fi doguwa siririya shan ruwa, ko da ɗaukarsu ɗaya. Iska da bushewar yanayi su ma suna sa hannu. A irin tukwanen gida, lita 3 zuwa 5 ne a awa guda. Kuma ba a rufe tukunya don a yi tattalin ruwa, domin akwai wani wari mai kama da na dafaffiyar masara da tururin ke fita da shi, in ka sa murfi zai ɗigo ya koma ciki. Mu ce tukunyarka tana shan lita 4 a minti 60. To, lita 27 za ka ɗora a wuta.

Sai hatsin kansa. Ɗebi dusar da ka zubar jiya ka matsa a tafin hannu, ka ga yadda ruwa ke tsatsowa ta tsakanin yatsunka. Kowane kilo na tsiro yana riƙe kusan lita 1, ba ya mayarwa. Kilo 5, lita 5. Ya zama 32. Na ƙarshe shi ne ruwan da ke maƙalewa ƙasan famfon mazubin jiƙo, wato mazubin da ake jiƙa hatsin a ciki, ruwan da ko ka bar famfon a buɗe har gobe ba zai fito ba. Sa masa lita 1. Lita 33 ke nan ruwan da aikin ke ci gaba ɗaya. Kai kuwa 25 ka zuba, ka yi gibin lita 8, shi ya sa ka tashi da 12.

Wannan 33 ɗin gida biyu ake raba shi, na jiƙo da na ɗauraya, wato wanda ake zuba wa hatsin bayan tatar farko don ya wanko ragowar sukari. Na jiƙo, ni lita 3 nake ba kowane kilo. Wasu na yin 2 da rabi, wasu 3 da rabi, duk giya ake samu, kuma ban ga abin jayayya a nan ba. Lita 15 ke nan. Ka tabbata mazubin zai ɗauka, don hatsin ma yana cin wuri, kamar lita 2 ga kowane kilo 3, wato jiƙon zai haura lita 18 kaɗan. Ana so jiƙon ya zauna a digiri 65 zuwa 67 a ma'aunin Celsius na tsawon awa guda, a nan ne sitacin hatsin ke juyewa ya zama sukari. Amma hatsi mai sanyi yana sace zafin ruwa. In tsironka yana digiri 20, kai ruwan wajen digiri 72 kafin ka zuba, zai sauko 66. In mazubin da sanyi, ka fara ɗauraye shi da ruwan zafi.

Na ɗauraya ba ya buƙatar wani lissafi, abin da ya rage ne: 33 a cire 15, saura 18. Gwada ka gani. Daga lita 15 na jiƙo, hatsi ya sha 5, gindin mazubi ya riƙe 1, tatar farko za ta ba ka 9. Hatsin ya riga ya ƙoshi, don haka lita 18 ɗin duk za su wuce. Tara da sha takwas, ga 27 ɗinka. Ruwan ɗauraya ya tsaya a digiri 75 zuwa 77. Kuma kada kwaɗayi ya sa ka yi ta ƙara ruwa wai kana tatse sukari, bayan wani lokaci baurin ɓawon hatsi kawai kake jawowa. In ma'aunin kauri, wanda ke nuna yawan sukarin da ke cikin ruwa, ya nuna 1.010 a ruwan da ke fitowa, rufe famfo.

Ma'aunin kaurin nan shi zai gaya maka ko kana kan hanya tun kafin ka kunna wuta. Sukari ba ya bin tururi, ruwa ne kaɗai ke tafiya. In lita 27 ɗinka sun nuna 1.040, ka ɗauki 40 ɗin ƙarshen lambar sau 27, 1080 ke nan, ka raba da 23, za ka samu wajen 47. Wato bayan dafuwa 1.047 za ka gani. Sai dai ka bar abin da ka ɗiba ya huce kafin ka auna, ma'aunin ƙarya yake yi a ruwan zafi. In ruwa ya yi yawa, tsawaita tafasa kafin ka jefa hops na farko, don kada ɗaci ya wuce misali. In ya gaza kuma kaurin ya haura, ƙara ruwa, babu laifi.

Af, ka kula da takardun haɗi da ke magana da galan. Galan 5 na Amurka bai cika lita 19 ba, na Ingila kuwa ya kusa 23. Na taɓa rikita su ina sabon hannu, na samu giya tsararo, salam, har kunyar ba wa kowa na ji.

Lambobin da na ba ka na tukunyata ne, taka sai ka tambaye ta. Gobe ba za ka taɓa hatsi ba. Samo sanda mai tsabta, ka riƙa zuba ruwa lita-lita a tukunya kana yi wa sandar tsaga a kowane mataki. Cika zuwa 27 (ka tabbata tukunyar tana ɗaukar lita 35, in ba haka ba kumfan tafasar farko zai yi maka ambaliya), ka tafasa awa guda da irin wutar da za ka yi aiki da ita, ka tsoma sanda. Sannan ka zuba ruwa a mazubin jiƙo, ka buɗe famfo har ya daina ɗiga, ka juye ragowar a kofin awo. Haka za ka yi wa tukunyar ma. Ka kawo mini lambobin nan uku, mu sake lissafin da su kafin ka niƙa tsiro na gaba.