Kafin ki aika miyau ɗakin gwaji, je ki gaida gwaggonki

Salamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce mahaifinki ya rasu, Allah ya ji ƙansa, kuma saninki bai wuce sunan kakanki da na mahaifin kakan ba. Kin taso kina jin ana cewa ku jikokin wani babban mutum ne da ya yi zamani tun da daɗewa, shi ne kike tambaya ko ki sayi gwajin DNA, wato na ƙwayoyin gado da ake yi da miyau, ko ki yi rajista da shafukan binciken asali. Shekarata 11 ina wannan tone-tonen. Da sha'awa na fara, yanzu ya zame mini jaraba. Shawarata ita ce duka biyun su dakata tukuna.

Gwajin yana nan ko bayan shekara 10, takardar da ke ma'adana kuwa ba ta da ƙafa balle ta gudu. Tsofaffi ne ba sa jira. Shekara 2 na farko a gaban kwamfuta na ƙare su, a tsakanin nan ƙanen kakana ya rasu, mutumin da aka ce in ya fara jero sunayen dangi sai ka ce karatu yake biyawa. Na sha zuwa gaishe shi, ban taɓa tambayarsa ko suna ɗaya ba.

Wadda ta cece ni yayar mahaifina ce. Zuwan farko na je da littafi da biro kamar ɗan jarida, na ce, "Gwaggo, wane ne mahaifin kakanmu, kuma daga ina ya zo?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ba ta riƙe waɗannan abubuwa ba, in je in tambayi maza. Na dawo da suna 2 da na riga na sani. Zuwa na biyu na bar littafin a aljihu, na tafi da wani tsohon hoto da gefensa ya cinye, mutum 5 a ciki, ban gane ko ɗaya ba. Ta kai shi kusa da ido, ta ɗora ɗan yatsa a kan wata mata da ke tsaye can gefe, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan ai ita ta goya ni." Awa 2 ba ta rufe baki ba. Daga matar nan ta shiga mijinta, daga mijin ta shiga faɗan da ya raba shi da wansa, daga faɗan ta kai ni wani reshe na danginmu da ban taɓa jin ɗuriyarsa ba. Tsoho ba ya ajiye dangi a jere kamar lambobin waya, a cikin labari yake ajiye su. Saboda haka ki riƙa tambayar wa ya riƙe wa, wa ke zuwa in an yi rasuwa, wa suke wasa tare suna yara, sunan wa aka mayar wa wane. Ki nemi izini ki kunna rikodar waya, ki kife ta a gefe, ki ƙyale ta ta yi ta ratse. A cikin ratsen ake tsintar abin kirki.

Idan kin dawo gida, abin da ya fi komai wuya shi ne rarrabe ganau da jiyau. Kowane bayani da na rubuta yanzu sai na sa masa abu 3 a gefe: wanda ya faɗa mini, ranar da ya faɗa, da ko ya gani da idonsa ne ko ji ya yi. Gwaggo ganau ce a kan kakana, ta rayu da shi. A kan mahaifinsa jiyau ce. A kan wanda ke sama da shi kuwa jiyau ce daga jiyau. Kuma in mutum 4 suka gaya miki abu ɗaya, ki bincika ko duk daga bakin tsohuwa ɗaya suka ji, domin in haka ne shaidarki ɗaya ce, ba 4 ba.

Sai da na sha kunya na koyi wannan. A danginmu akwai sunan da ake ta mayarwa, kaka da jika da ɗan baffa duk shi suke amsawa, da laƙabi kaɗai ake bambanta su. Na haɗe mutum 2 masu wannan sunan suka zama ɗaya, na zana sarkar tsaf, har na tura wa 'yan'uwa ana ta sa mini albarka. Wata ƙanwata ce ta zauna da lissafi ta ce, "Yaya, wannan mutumin naka yana da shekara 9 ya haifi ɗansa na fari, kuma yana da 104 ya haifi autansa?" Tun ranar duk sarkar da aka ba ni sai na auna ta. Tsakanin haihuwar uba da ta ɗansa galibi shekara 25 zuwa 35 ne in aka yi kintace a kan zuri'a mai tsawo, wato ƙarni ɗaya yana cin mutum 3 ko 4. Idan aka ce tsakaninki da babban mutumin nan sunaye 5 ne, alhali ya rasu shekara 400 da suka wuce, to an tsallake mutane da dama. Ba lallai ƙarya aka yi miki ba. Haka nasabar baka take ko'ina a duniya, tana riƙe na farko mai suna da na kusa da aka sani, na tsakiya su zube.

Shi ya sa kada ki fara daga babban mutumin ki gangaro kina neman inda za ki maƙala kanki. Wanda ya yi haka duk sunan da ya yi kama sai ya cafke. Daga kanki za ki fara ki hau, mataki ɗaya ba ya wucewa sai ya tabbata. Af, ga lissafin da ya rage mini zafin wannan alfahari: iyaye 2, kakanni 4, sai 8, sai 16. A hawa na 10 mutum 1,024 ne, a na 20 sun haura miliyan 1, a na 30 sun haura biliyan 1, alhali mutanen duniya gaba ɗaya a wancan lokaci ba su kai rabin haka ba. Ma'ana mutum ɗaya yana maimaituwa a wurare da yawa saboda auren dangi na kusa da na nesa. A cikin wannan taron akwai sarki, akwai bawa, akwai malami, akwai ɓarawo, a zuri'ar kowa.

Shekaru kuma kada ki tsaya jiran takardar haihuwa. Tsofaffi da abin da ya faru suke ƙirga lokaci, aikinki ki nemo wa abin shekara. Tauraruwa mai wutsiya ta Halley ta bayyana a 1910, ta dawo a 1986. Annobar mura da ta game duniya 1918 ce zuwa 1919. Yaƙin Duniya na Biyu 1939 zuwa 1945. Husufin rana ma masana sun lissafa ranarsa da wuraren da aka gan shi, ana samu a intanet. Gwaggo ta ce mahaifiyarta tana goye lokacin murar, da wannan kaɗai na daidaita shekarun mutum 6. In kin ci karo da kwanan watan Hijira a wata takarda, ki tuna shekararta ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, duk shekara 33 ana samun ratar shekara guda.

Don kada sunaye su cakuɗe miki, akwai tsarin lamba da ya girmi kwamfuta nesa, an fara buga shi a 1590, yau ana kiransa tsarin Sosa. Ke ce 1, mahaifinki 2, mahaifiyarki 3. Uban kowa ninkin lambarsa ne, uwarsa ninkin da ƙarin 1. Kina jerawa za ki ga abin da na gani: lambobin maza suna cika, na mata wayam. Wannan ciwo ba na gidanku kaɗai ba ne. Kundin zuri'ar Confucius, tsohon malamin hikima na ƙasar Sin, mai hawa sama da 80, sai a bugun 2009 mai sunaye fiye da miliyan 2 aka fara sa mata a ciki. Ki matsa wa tsofaffi mata da tambayar sunan yankan uwayensu da kakanninsu, su ne suka fi saurin ɓacewa.

Batun shafuka a taƙaice. FamilySearch kyauta ne, cocin Mormon ke tafiyar da shi, tushensa wata ƙungiya ce da aka kafa a Utah ta Amurka a 1894, kuma yana da tarin nasabobin baka da aka naɗo daga ƙasashen Afirka. Fara da shi kafin ki biya kowa. Amma ki sani amfanin irin waɗannan shafuka ya danganta da ƙasar da kakanninki suka zauna. Ingila ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati tun 1837. Amurka tana sakin sunayen ƙidayar jama'a bayan shekara 72, ta 1950 ta fito a 2022. Inda ba a yi irin wannan rubutu ba, ko nawa kika biya ba za a ƙirƙiro miki shi ba. Inda aka yi ɗin ma wuta ta yi ɓarna: gobarar 1921 ta cinye mafi yawan ƙidayar Amurka ta 1890. Takarda kuma ba wahayi ba ce. Na samu sunan kakana a rubuce iri 3 a takardu 3, shekarun da aka ba shi a ɗaya kuwa da gani akawun ne ya dubi fuskarsa ya yanka. Bishiyar dangi da wani baƙo ya ɗora a intanet ba tare da hujja ba, ki ɗauke ta a matsayin jita-jita.

DNA na yi shi a shekarata ta 7 da fara wannan bincike, kuma ban yi nadama ba, sai dai ba ya faɗin suna. Iri 3 ne. Na Y daga uba zuwa ɗa namiji yake bi, ke ba ki da shi, sai wanki ko baffanki ya bayar. Na mitokondiriya ta uwa yake gangarowa, yana nuna layi ɗaya tak. Na ukun, wanda aka fi saya, yana duba gadon ɓangarorin biyu: rabi daga kowane mahaifi, kusan kashi 25 cikin 100 daga kowane kaka, kusan 12.5 tsakaninki da ɗan baffanki ko ɗan kawunki. Haka yake ta raguwa, har a kai dangin da kakanku na hawa na 5 ɗaya ne amma gwajin bai ga komai tsakaninku ba. Alƙaluman nan na "kashi kaza daga yanki kaza" kintace ne da ake yi ta hanyar kwatanta ki da mutanen da kamfanin ya tara, nawa sun sauya sau 2 ba tare da na sake tofa miyau ba. Amfaninsa na gaske shi ne haɗa ki da dangi masu rai da su ma suka yi gwajin, kuma ba za ki gane ta ina kuka haɗu ba sai kina da sunaye a hannu.

Ki kuma yi tunani kafin ki aika. Bayanan ba naki ke kaɗai ba ne, na duk mai jini ɗaya da ke ne. A 2023 masu kutse sun kai ga bayanan kusan mutum miliyan 7 na kamfanin gwajin DNA mai suna 23andMe. Sannan gwajin ba shi da kunya, yana iya nuna cewa wanda aka sani ɗan gida ɗan riƙo ne ko agola, ko abin da ya fi haka nauyi. Kaza garin tone-tone take tono wuƙar yanka ta. Akwai abu 2 da na gano waɗanda ban sa a kundin da nake rabawa ba, domin masu abin suna raye, kuma ba su aike ni ba.

Duk abin da kika naɗa ki kwafe shi wuri 2 a ranar. Wayata ta taɓa faɗawa ruwa da hirar awa 3 a ciki, Allah ya sa mai hirar tana da rai na koma. In kin fara amfani da manhaja, zaɓi wadda ke fitar da fayil ɗin GEDCOM, shi ne kusan kowace manhajar nasaba ke karantawa. Manhajar Gramps kyauta ce kuma ta ishe ni.

A littafina layin maza ya kai lamba 64 da hujjar da na yarda da ita, babban mutumin da mu ma ake danganta mu da shi har yau ban iso gare shi ba. Lamba 15 kuwa, kakar mahaifiyata ta wajen uwa, laƙabinta kawai nake da shi. An kwatanta mini wata tsohuwa da ta yi zaman maƙwabtaka da ita, an ce ta haura 90 amma hankalinta garau. Ranar Asabar zan je, da hoton nan a aljihu.