Rage amsa-kuwwa a MuseScore 4

Ɗan'uwa, ka ce gangunanka a MuseScore 4, manhajar rubuta kiɗa, suna fita kamar daga cikin rijiya, alhali sarewa tana lafiya. Amsa-kuwwa ce ta yi musu yawa.

Danna F10, Mixer, wurin daidaita sautin kayan kiɗa, zai buɗe. Kowane kayan kiɗa yana da nasa maɓallin da ke tura sauti zuwa tashar Aux 1, inda Muse Reverb, mai samar da amsa-kuwwa, yake. Rage na ganguna sosai, ka bar wa sarewa ɗan kaɗan.

Kada ka rage ƙarar ganga, wannan ba ya cire amsa-kuwwar. Kuma kada ka auna da lasifikar waya, sa abin sauraro a kunne.

In waƙar ta fitarwa ce, kashe amsa-kuwwar gaba ɗaya, ka kai wa injiniyan sauti a sutudiyo nan Kaduna ya daidaita da kunnensa.