Wai Me Kansila Yake Yi A Mitin Ɗin Nan Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah kansilan mazaɓarmu duk sanda aka neme shi sai a ce yana mitin ko yana zaman kwamiti, shekara biyu kenan magudanar ruwan layinmu a toshe. Mitin ɗin nan aiki ne ko dabarar guje mana ce? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Toh gaskiya mitin aiki ne, kusan ma shine ainihin aikin kansila, amma ba duk wanda ya ce yana mitin bane yake aiki a ciki.

Kinga akwai zaman majalisar ƙaramar hukuma na dukkan kansiloli, a nan ake amincewa da kasafin kuɗi da ƙananan dokoki, sai dai kafin magana ta iso nan ta riga ta dahu a kwamiti, na kuɗi, na ayyuka, na lafiya, na ilimi. Mutum biyar ko shida ne zaune da takardu a gabansu, injiniya ya kawo rahoto, sai kansilan da ya karanta tun daga gida ya buɗe shafi ya ce wannan kwalbatin an fitar da kuɗinsa, me yasa har yau ramin a buɗe yake yara na tsallakawa? Wanda bai karanta ba kuwa shiru zai yi, a ɗaga hannu shima ya ɗaga, kuma irin wannan ne ke cin raina wallahi, don mutane sun tsaya a rana sun zaɓe shi.

Magudanar layinku a Najeriya hakkin ƙaramar hukuma ce, jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa magudanai da tituna da kwashe shara a cikin ayyukanta. Amma in kwamitin ayyuka bai sa ta a jerin aikin bana ba, kwamitin kuɗi bai ware mata kaso ba, ko kansila ya rantse miki sau goma ba za a taɓa ta ba.

Halartar zama ma ba wasa bace. A Ingila dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ta ce kansilan da ya yi wata shida a jere bai halarci zama ko ɗaya ba, kuma majalisa ba ta amince da uzurinsa ba, ya rasa kujerarsa.

Shawarata ku rubuta takarda mutanen layi su sa hannu, ku haɗa da hoton ruwan da ke kwance a bakin ƙofofinku, ku kai masa hannu da hannu ku riƙe kwafi. Sannan ku tambaye shi a mutunce wane kwamiti yake, wace rana zai gabatar da maganar, bayan zaman kuma ku koma ya nuna muku inda sakatare ya rubuta ta a bayanan zama.